Yadda za ka fara koyon antiropoloji daga nan Kaduna, ba sai ka jira lakcara ba

Satin da ya wuce 'yar yayata ta shigo gidanmu a Tudun Wada riƙe da handawut, fuska a murtuke, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kawu don Allah meye haɗin birai da harshe da fasassun tukwane? Wai duk kwas ɗaya ne fa, kuma tes za mu yi." Antiropoloji aka saka musu a shekarar farko, ta haddace ma'anarsa tsaf amma ta rasa inda abin ya dosa. Na ce zauna ki sha ruwa tukuna. Abin da na faɗa mata ranar da wanda na tuna bayan ta tafi shi zan zuba a nan, don na san ba ita kaɗai ba ce, kuma wallahi yana min ciwo in ga yaranmu suna ɗaukar ilimin nan kamar wani kayan Turawa da ba ruwanmu da shi alhali a jihar nan muke zaune a kan abin da mutanen Jamus ke hawo jirgi su zo nema.

Kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta nazarin ɗan Adam, shikenan. To amma ɗan Adam yana da al'ada, yana da baki, yana da jiki da jini, in ya wuce kuma yana barin tarkace a ƙasa. Shi ya sa a Amurka aka raba ilimin gida huɗu, wanda aka fi jingina wa tsarin kuwa shi ne Franz Boas, Bajamushe ne da ya koma can ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Kolombiya, ya rasu a 1942. Su Turawan Ingila sun fi ba da ƙarfi a kan zamantakewa, tonon kayan tarihi kuma suka ware masa sashensa daban, mu kuma tsarinsu muka gada, shi ne za ka ga a jami'o'inmu antiropoloji yana maƙale da soshiyoloji, wato ilimin zamantakewa, akiyoloji kuma, wato tonon kayan tarihin, yana can wani ginin. Kar wannan ya ruɗa ka, mutum ɗaya ake kallo ta tagogi daban daban.

Abu na farko, ajiye hadda a gefe ka je ka sayi ƙaramin littafin rubutu wanda zai shiga aljihu, da biro. Kowane shafi ka ja layi a tsakiya. Ɓangaren hagu ka rubuta abin da idonka ya gani ko kunnenka ya ji kawai, da rana da lokaci da wuri. Ɓangaren dama ka rubuta abin da kake zaton ma'anarsa. Kar ka taɓa cakuɗa su. "Matar ta sunkuyar da kai ba ta amsa ba" hagu ne. "Tana jin kunya" dama ne, don wataƙila fushi take, wataƙila haƙori ke mata ciwo. In ka iya wannan layin to ka kama bakin zaren duka rassan huɗu, daga mai hira da tsofaffi har mai bin birai a daji duk da shi suke aiki.

Mu fara da reshen al'ada tunda shi ne ba ya buƙatar ko sisi. Hanyar da ake bi sunanta zama cikin mutane kana kallo kana kuma taɓa aikin da suke yi, wanda ya fito da ita fili shi ne Bronislaw Malinowski, ɗan ƙasar Folan, da ya zauna a tsibiran Trobriand lokacin yaƙin duniya na farko, tsakanin 1915 zuwa 1918, ya kafa tantinsa a cikin ƙauye ya koyi yarensu maimakon ya zauna a barandar jami'in mulki yana aika tafinta. Kai ba sai ka je tsibiri ba, hau keke ka sauka Fanteka. Nemi rumfar masu zubin tukunyar alminiyom, ka yi sallama ka gaisa da maigidan rumfar gaisuwa mai kyau, ka gaya masa gaskiya cewa kai ɗalibi ne kana son ka zauna ka ga yadda ake aikin, in ya ce a'a ka yi godiya ka ƙara gaba. In ya yarda, ranar farko kar ka yi tambaya da yawa, zauna ka kalla. Za ka ga yadda ake danna ƙasa a cikin akwatin zubi a fitar da siffar tukunya, yadda ake narka tsofaffin gwangwanaye da tarkacen inji har su koma ruwa mai ƙyalli a tsiyaya ta ɗan rami, amma abin da ya kai ka ba tukunyar kaɗai ba ce. Wa ke hura wuta, wa aka yarda ya riƙe ruwan ƙarfen, wa ke karɓar kuɗi in maigida ba ya nan, yaran da me suke kiransa, Oga ko Baba ko Malam, in an kawo abinci wa ke fara sa hannu, yaro shekara nawa yake yi kafin a yaye shi ya buɗe tasa rumfar. Ka koma sau biyar, sau goma, safe da yamma, ranar Juma'a da ranar Litinin. Sai sun daina ganinka baƙo sannan za su ci gaba da hirarsu ta ainihi a gabanka.

In lokacin tambaya ya yi, kar ka sa wa mutum amsa a baki. Kar ka ce "ai saboda talauci kuka shiga sana'ar nan ko?", zai ce maka e ne kawai don ku rabu lafiya. Ce masa "ya aka yi ka fara?" ka yi shiru. Shirun nan ya fi tambayar wahala.

Gida ya fi Fanteka wuyar nazari, don abin da ka tashi a ciki ba ka ganinsa. Amma gwada. Me ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, har wata ko wasa ba ta yi da shi a gaban mutane? Me ya sa mata ke tuna daidai abin da wance ta kawo ranar biki, har a ajiye littafi a rubuta, don ranar nata bikin a mayar da abin da ya fi? Wani Bafaranshe Marcel Mauss ya yi rubutu a 1925 a kan cewa kyauta a cikin al'umma tana da wajibai uku, bayarwa da karɓa da ramawa, duk matar da ta taɓa zuwa biki a Unguwar Sanusi ta san wannan ba tare da ta ji sunansa ba. Haka wasan taubasai, da tsokanar da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko jika da kaka, wani Bature Radcliffe-Brown ya yi masa maƙala a 1940 yana nuna cewa irin wannan wasan yana sassauta dangantakar da za ta iya zama rigima. Kai naka aikin ka duba ko bayaninsa ya hau kan abin da ka gani a gidanku, in bai hau ba ka rubuta inda ya kauce.

A nan ƙasar Zazzau aka yi ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi shahara a fannin. M. G. Smith ɗan Jamaika ya zo bincike a 1949 zuwa 1950 a kan sarauta da tattalin arziki, matarsa Mary kuma ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa, aure da kishi da ƙawance da zamanin harin bayi da zuwan Turawa, littafin ya fito a 1954 bayan Baba ta rasu. Duk sanda na tuna da wannan sai raina ya sosu, don ni ma ina da kaka wadda ta san waƙoƙin niƙa da na daɓe kala kala, kullum ina cewa gobe zan ɗauki muryarta, goben ba ta zo ba har Allah ya karɓi abarsa. In kana da tsoho a gida, yau ɗin nan ka nemi izininsa ka kunna rikoda a wayarka. Izinin nan dole ne fa, kuma ka gaya masa inda maganar za ta je, kar ka ɗauki muryar mutum a ɓoye ka watsa a Facebook ko TikTok.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani kafin ka buɗe tsofaffin littattafan fannin. Da yawansu jami'an mulkin mallaka ne suka rubuta, don su san yadda za su mulki mutane su karɓi haraji. C. K. Meek ma'aikacin gwamnatin mallaka ne, haka Tremearne soja ne da ya yi rubutu a kan Hausawa da mutanen Kagoro da kalmomin raini masu tada zuciya. Karanta su don akwai bayanan da babu su a wani wuri, amma kana yi kana tambaya wa ya gaya masa, wa ya yi masa tafinta, me yake nema. Irin waɗannan takardu suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna, da Arewa House da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970. Kuma kai ma ka kiyayi irin cutarsu, in ka je Sabon Tasha ko Kakuri ko ƙauyen Gbagyi ka ga abin da ba haka kuke yi ba, rubuta shi a hagu yadda yake, ka tambayi masu abin ma'anarsa kafin ka yanke hukunci. Garin nan ya sha wahalar rashin sanin juna, ba sai na tuna wa kowa ba.

Reshe na biyu harshe. Nan kam ɗan Kaduna ya tsinci dami a kala, don a mota ɗaya daga Kawo zuwa Sabo za ka ji Hausa da Turancin buroka da Gbagyi da Fulatanci da Yarbanci, wani lokaci mutum ɗaya ya juya uku a cikin waya ɗaya. Najeriya tana da harsuna sama da 500, jihar nan kaɗai ga Adara ga Tyap ga Jju ga Hyam ga Ninzo ga Kurama da sauransu. Abin da zai ba ka mamaki, Hausa ba danginsu ba ce. Ita tana cikin gidan harsunan Cadi, 'yan'uwanta su ne Gwandara da Bolanci da Angas da Bade da Bura, gidan kuma reshe ne na babban dangin da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da Amharik na Habasha da harshen Buzaye. Su Tyap da Jju da Gbagyi suna cikin dangin Neja-Kongo tare da Yarbanci da Ibo, har da Fulatanci. Wanda ya tsara wannan rabon a 1963 shi ne Joseph Greenberg, kuma shi kansa a ƙasar Kano ya fara aikinsa, cikin Maguzawa, a 1938 zuwa 1939.

Ga aikin da za ka yi. Rubuta kalmomi ashirin na yau da kullum, ruwa, wuta, ido, hannu, uwa, ɗaya biyu uku, ka nemi abokai uku masu yare daban su faɗa maka, ka rubuta yadda ka ji, ka jera su ka ga waɗanne ke kama. Sannan ka juyo kan Hausar bakinka ka bi sawun baƙin kalmomi, littafi da alƙalami da alƙali daga Larabci, tebur da mota da asibiti daga Turanci, ashana da agogo daga Yarbanci, takobi daga Buzaye, masana da dama kuma na ganin kasuwa da rubutu ta hannun Barebari suka shigo. Kowace kalma shaida ce ta wata hulɗa da aka yi, ciniki ko karatu ko mulki. Sai ka kasa kunne ga karin sauti, kuka na hawaye da kuka ta miya rubutu ɗaya ne amma murya ta raba su, gari na zama da gari na tuwo kuma tsawon wasali ne ya raba. Ka lura da yadda Bazazzagi zai ce "motan" inda Bakano zai ce "motar", kar ka rubuta cewa kuskure ne, karin harshe ne mai dokarsa. Abin da ya fi daɗi a wurina shi ne kallon lokacin da mutum ke sauya harshe, mai shago ya yi wa wannan Hausa ya yi wa wancan buroka, budurwa ta yi wa babanta "ku" ta yi wa yayanta "kai". Sunan garin nan ma abin bincike ne, Hausawa sun ce jam'in kada ne saboda kadojin kogin, Gbagyi kuma suna da nasu bayanin daga kalmarsu ta kogi. Rubuta duka biyun da wanda ya faɗa maka.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, akiyoloji, wato karanta rayuwar mutanen da daga abin da suka bari a ƙasa. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani ɗan mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, ƙasar Ham, cikin ƙaramar hukumar Jaba ta yanzu. Wajen 1943 aka sake samun wani kai a yankin Jama'a, wanda ya tsince shi har ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye, sai ya isa hannun wani jami'i Bernard Fagg, shi ya lura cewa salonsu ɗaya, idanu masu kusurwa uku da huda a tsakiya, kitso na ƙawa, ciki kuma rami kamar tukunya. Shi ya sa wa abin suna al'adar Nok, shi ne kuma ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Daga baya a Taruga aka tono matoyar narka tama ta ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tana cikin mafiya daɗewa da aka sani a Afirka ta Yamma. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Farankfot a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka yi shekaru suna tono a yankin Janjala, suka nuna cewa mutanen nan sun fara zama tun wajen shekara 1500 kafin miladiyya, suna noman gero da wake. A 2021 kuma aka fitar da binciken da ya gano ragowar kakin zuma a jikin fasassun tukwanensu, wato shekara 3,500 da suka wuce ana ɗiban zuma a kudancin Kaduna. Ni ranar da na karanta wannan sai da na ajiye waya na yi shiru.

Ya aka yi suka san shekarun? Hanya biyu za ka fara riƙewa. Ta farko jerin ƙasa. Je inda ake haƙa sokawe ko fandisho a tsohuwar unguwa ka leƙa bangon ramin, za ka ga sama leda ce da murafen kwalba, ƙasa da ita gwangwani mai tsatsa, can ƙasa katangar tukunya da toka, na ƙasa ya riga na sama zuwa matuƙar ba a taɓa birkita wurin ba. Ta biyu awon kabon 14, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940. Duk abu mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, in ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na tafiya duk shekara 5,730, to in aka samu ƙonannen ƙwayar gero ko gawayi sai a auna abin da ya rage a lissafa. Da haka aka gane cewa kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya gano a 1987 yana haƙa rijiya a jihar Yobe ta yanzu ya kai shekara 8,000.

Ka ga ke nan darajar abu tana tare da inda aka same shi. In ka zaro kan Nok daga ƙasa ka sa a buhu, ka raba shi da gawayin da zai faɗi shekarunsa da tukunyar da ke gefensa, ya zama ado kawai. Haka masu tonon sata suka lalata wurare ba iyaka suka sayar wa dillalan Turai, abin da ba zai taɓa gyaruwa ba. Don haka dokar ɗan koyo ita ce kar ka tona, kar ka ɗauka. In ka ga abu a gona ko bakin zaizaya, ɗauki hoto ka ajiye biro a gefensa don a gane girmansa, ka adana lokeshan a waya, ka sanar da mai unguwa da ma'aikatan gidan tarihi. Dokar 1979 da ta kafa hukumar ta hana ciniki da fitar da irin waɗannan kaya ba izini. Fara da zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu ka tsaya gaban abu ɗaya minti ashirin kana zana shi a littafinka, zane yana tilasta wa ido ya gani. In hali ya yi ka je Zariya ka bi ganuwa ka kalli dutsen Kufena, ka leƙa sashen akiyoloji na ABU ka gaisa da su. Turunku, tsohon mazaunin sarautar Zazzau, da Nok kuwa ka fara tambayar lafiyar hanya tukuna, kuma kar ka tafi kai kaɗai.

Saura reshen jiki, wanda birai ke ciki. Fara da abin da ya shafe ka, sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, me ya sa abin ya yi yawa a nan? A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar halittar ta yaɗu inda maleriya ta yi katutu. A 1958 Frank Livingstone ya ƙara da cewa sare daji don noma ne ya samar wa sauro wurin hayayyafa a Afirka ta Yamma. Dubi yadda noma da sauro da jini da aure suka haɗu a zance ɗaya, har zuwa gwajin da ake cewa a yi kafin ɗaurin aure, don AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Wannan shi ne amsar tambayar 'yar yayata, dalilin da ya sa aka haɗa su kwas ɗaya.

Su birai kuwa, mu ma mun ce biri ya yi kama da mutum, masu fannin suna kallonsu ne don su gane me muka yi tarayya da su me kuma ya keɓanta da ɗan Adam. Jane Goodall ta fara zama da cimfanzi, wasu manyan birai marasa wutsiya, a 1960 a Gombe, ta Tanzaniya fa ba tamu ba, ta ga suna gyara tsinke suna zura shi a suri suna kamo gara, lokacin ana cewa mutum kaɗai ke ƙera kayan aiki. Dian Fossey ta bi gorila, biran da suka fi kowane biri girma, a Ruwanda daga 1967. A Amboseli ta Kenya, Cheney da Seyfarth suka nuna a 1980 cewa wasu ƙananan birai suna da kuka daban na damisa, daban na gaggafa, daban na maciji, kowanne kuma gudun da ake yi masa daban. A nan gida ma akwai cimfanzi a gandun dajin Gashaka Gumti da ke Taraba da Adamawa, an yi shekaru ana nazarinsu tun 2000, su da sanduna suke ciro zuma da tururuwa. Gorilan Kuros Riba kuwa waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba. Don Allah in ka ga ana tallan ɗan biri a bakin hanya kar ka saya, yawanci sai an kashe uwar ake samun ɗan.

Hanyar kallonsu kana iya koyonta a tsakar gida. Jeanne Altmann ce ta tsara ta a 1974, ka zaɓi dabba ɗaya ka bi ta da ido minti goma, duk abin da ta yi ka rubuta da lokacinsa, ko da can gefe ana dambe kar ka waiwaya, in lokaci ya cika ka koma kan wata. Dalili, ido yana son abin mamaki, in ka sake shi faɗa kawai zai rubuta ya manta da mai kiwo shiru. Gwada da akuyoyi ko kaji, sati ɗaya za ka san wa ke kauce wa wa a bakin kwano. Ranar da Allah ya kai ka Yankari sai ka gwada a kan gwaggon biran da ke yawo a sansanin Wikki, amma ka riƙe ledarka da kyau kuma kar ka ba su abinci.

Na san inda zuciyar mai karatu take, maganar asalin ɗan Adam. Za a koya maka ƙasusuwan da aka tono, wadda aka sa wa suna Lucy a Habasha a 1974 da aka ƙiyasta shekara miliyan 3.2, da ƙoƙon kan da aka samu a hamadar Cadi a 2001 da aka ƙiyasta wajen miliyan 7. Masanan ba cewa suke birin da kake gani ne ya rikiɗe ya zama mutum ba, cewa suke akwai tushe ɗaya can baya da aka rabu. Ni abin da na gaya wa 'yar yayata shi ne ki san me suka ce daidai, da hujjar da suka dogara da ita, da yadda aka auna, ki iya faɗinsa ba ƙari ba ragi, abin da ya shafi imaninki kuma ki zauna da malamai masu ilimi da natsuwa ki tambaya. Kar tsoron babi ɗaya ya sa ki rufe littafin gaba ɗaya ki rasa sikila da Nok da harshe.

Jiya ta dawo da littafinta, ta ja layin a kowane shafi yadda na ce. Wai ta zauna da Hajiya, mahaifiyarmu, za ta zana bishiyar dangi, ta ce mata Hajiya lissafo min 'ya'yanki daga na fari. Hajiya ta gyara zama ta fara daga na biyu, ta jero mu tsaf har auta. Ta ce Hajiya kin tsallake ɗaya. Hajiya ta kawar da kai ta ce, "Ke dai rubuta, ai kin san uwarki." Na duba shafin, a hagu ta rubuta "ƙarfe 4:20, ba ta faɗi sunan Mama ba, ta kalli bango", ɓangaren dama kuma ta bar shi fari, ta ce sai ta koma ranar Asabar ta ji daga bakin Gwaggo ma tukuna.